Murɗewar Maraina Ga Yara Maza: Ciwon Da Ba Ya Jiran Wayewar Gari



'Yan'uwa iyaye, malamai da masu riƙon yara a Cissin da sauran unguwannin Wagadugu, yau za mu yi bayani a kan wani ciwo da ba a saba ambatonsa a zaure ko a tsakar gida ba, domin wurin da yake kama yaro wuri ne na kunya. Muna neman afuwa tun daga farko, za mu kira abubuwa da sunayensu, don Hausawa sun ce ran wanka ba a ɓoye cibi. Ciwon shi ne murɗewar ɗan maraina. Yakan faɗo wa yaro farat ɗaya, kuma idan ba a kai shi wurin likitan tiyata cikin 'yan awoyi ba, yana iya rasa ɗan marainan har abada.

Yadda abin yake faruwa a gidajenmu

Mu ƙaddara wani dare ne a watan Janairu, hunturu ya sauka. Yaro ɗan shekara 13 ya ci tuwo, ya kwanta lafiya lau. Wajen ƙarfe 2 na dare sai ya farka da wani irin ciwo a marainansa na hagu, ciwon yana harbawa zuwa mara. Ya yi amai. Mahaifiyarsa ta ji motsi ta fito, ta ce, "Kai, me ke damunka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, cikina ne." Ta jiƙa masa kanwa, ta ba shi ƙwayar farasitamol, ta ce ya kwanta da safe a gani.

Gari ya waye, uba ya tafi kasuwa. Da azahar aka lura yaron yana tafiya yana buɗe ƙafafu. Da la'asar wansa ya matsa masa da tambaya, ya faɗi gaskiya. Da magariba aka sayo ƙwayoyin maganin sanyi a shago. Sai kashegari da hantsi, da aka ga wurin ya kumbura ya yi ja, aka kai shi asibiti. An yi fiye da awa 30 ke nan. Da likita ya buɗe, ya tarar ɗan marainan ya yi baƙi, ya mutu, babu abin yi sai cirewa.

A cikin wannan gida babu wanda ya ƙi yaron. Kowa ya yi abin da ya sani. Abin da ya rasa su shi ne sanin cewa wannan ciwo yana da ƙayyadadden lokaci. Da yaron ya faɗi gaskiya ƙarfe 2, da an ɗora shi a moto a daren, da wuya ya rasa komai.

Mene ne murɗewar maraina?

Kowane ɗan maraina yana rataye ne a cikin jakarsa da wata igiya da ta sauko daga ciki ta matsematsi. A cikin igiyar nan akwai jijiyar da ke kawo masa jini, da jijiyoyin da ke mayar da jinin, da bututun da maniyyi ke bi. Ga yawancin maza, bayan ɗan marainan yana manne da jikin jakar, don haka ba ya iya juyawa. Amma akwai waɗanda aka haife su ba tare da wannan manni ba, nasu yana lilo a ciki kamar harshen ƙararrawa. Irin wannan halitta galibi a ɓangarori biyu take, dama da hagu, kuma ba a gane ta da ido. Yaro zai girma da ita bai sani ba, iyayensa ma ba su sani ba.

Ranar da ɗan marainan ya juya, igiyar sai ta murɗe kamar yadda ake murɗe tsumma a matse ruwa. Wani rabin zagaye yake yi, wani zagaye ɗaya, wani har biyu. Jijiyoyin da ke mayar da jini su ke fara toshewa saboda sun fi laushi, sai wurin ya cika da jini ya kumbura. Kumburin ya ƙara matse jijiyar da ke kawo sabon jini, har ta toshe ita ma. Daga nan naman ya fara mutuwa. Duk wanda ya taɓa ɗaure ɗan yatsa da roba ya ga yadda yake yin baƙi cikin ɗan lokaci ya fahimci abin da ke gudana a ciki.

Ba sabon ciwo ba ne. Tun a shekarar 1840 wani likita Bafaranshe mai suna Delasiauve ya rubuta bayaninsa. Littattafan likitanci suna yawan ambaton cewa yana samun kusan mutum 1 cikin 4,000 na maza 'yan ƙasa da shekara 25. Ba kowace rana ake ganinsa ba, amma a birni mai yawan matasa kamar Wagadugu adadin ba ƙarami ba ne.

Me ya sa ake cewa awa 6?

Likitoci suna ƙirga lokaci daga sa'ar da ciwon ya fara. Sa'ar da aka isa asibiti ba ita ce mafari ba. Idan an warware murɗewar cikin awa 6 na farko, ana ceton kusan 9 cikin 10. Idan an kai awa 12, kusan rabi ake iya ceto. Idan an wuce awa 24, abin da ake ceto bai fi 1 cikin 10 ba, kuma wasu daga waɗanda aka ceto a makare sukan motse daga baya.

Mu lura, a cikin awa 6 ɗin nan ne yaro zai faɗa, a nemi abin hawa, a isa asibiti, a duba shi, a kira likitan tiyata da mai ba da maganin barci, a shirya ɗakin aiki. Asibiti yana buƙatar rabonsa na wannan lokaci. Saboda haka rabon gida bai kamata ya wuce na sa riga da neman makullin moto ba.

Kuma kada wani ya ce tunda an wuce awa 6 zuwa asibiti ba shi da amfani. Idan murɗewar ba ta yi tsanani ba, jini kaɗan yakan ci gaba da ratsawa, a ceci ɗan marainan ko bayan awoyi da yawa. Ko da ya mutu, akwai buƙatar a cire shi kuma a ɗaure na ɗaya ɓangaren. Ko yaushe aka gane, a tafi a lokacin.

Su wa ya fi kamawa, kuma yaushe?

Ya fi yawa tsakanin shekara 12 zuwa 18, lokacin balaga, da maraina ke girma da sauri suna ƙara nauyi. Sai kuma jarirai, kafin haihuwa ko a makonnin farko bayanta. Amma yana iya samun ƙaramin yaro, yana iya samun magidanci. Yaron da ɗan marainansa bai sauko cikin jaka ba tun haihuwa ya fi sauran shiga haɗari, haka wanda aka taɓa samun ciwon ga mahaifinsa ko ɗan'uwansa.

Sau da yawa cikin barci yake farawa, ko da asuba. Wani lokaci bayan ƙwallo, ko kokawa, ko hawan keke, ko ɗan bugu. Wani lokaci kuma babu wani dalili da za a nuna.

Sanyi ma yana da hannu. Akwai wata tsoka da ke janye maraina sama idan jiki ya ji sanyi, kuma janyewarta da ƙarfi tana iya juya ɗan marainan da ke lilo. A shekarar 1986, likita O. A. Mabogunje na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya wallafa bincike a mujallar British Medical Journal, inda ya nuna cewa a can an fi samun wannan ciwo a watannin hunturu, lokacin da iska ke bushewa. Hunturun da ke kaɗawa a Zariya shi ne ke kaɗawa a nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A waɗannan watanni sai mu ƙara sa ido, musamman ga yaran da ke kwana a zaure ko a kan siminti ba isasshen mayafi.

Wajibi ne mu faɗi wannan a fili: murɗewar maraina ba alamar yaro ya aikata wani abin banza ba ce. Ba ciwon sanyi ba ne, ba a ɗaukarsa wurin kowa. Yara da yawa suna yin shiru ne don tsoron kada a tuhume su ko a doke su.

Alamomin da za a lura da su

Babbar alama ita ce ciwo mai tsanani a ɗan maraina guda, wanda ya zo farat ɗaya. Yaro yakan iya faɗin daidai lokacin da ya fara. Bayan wannan akwai:

1. Tashin zuciya ko amai tare da ciwon.
2. Kumburin jakar a ɓangare ɗaya, daga baya ta yi ja ko ta yi duhu.
3. Ɗan marainan mai ciwo ya ɗage sama fiye da ɗan'uwansa, ko ya kwanta a gicciye.
4. Ya yi tauri, yaro ba ya yarda a taɓa.
5. Tafiya da buɗaɗɗun ƙafafu, ko ƙin zama, ko ƙin sa wando mai matsewa.
6. Ciwon mara ko na matsematsi a gefe guda.

A farko galibi babu zazzaɓi, babu zafin fitsari. Kuma ba dole ne alamomin su taru duka ba. A awoyin farko wurin yana iya zama babu kumburi sosai, alhali a lokacin ne ceto ya fi yiwuwa. Kada a jira kumburi.

Alama ta shida ita ce ta fi ruɗar iyaye, har da ma'aikatan lafiya. Maraina a cikin ciki suke fara samuwa tun yaro yana mahaifa, kafin su sauko, shi ya sa jijiyoyin jin ciwonsu suke haɗe da na ciki. Wani yaron da gaske a mara yake jin ciwon, wani kuma kunya ce ta sa ya ce ciki. Ƙa'idar da za mu riƙe ita ce: duk yaro namiji da ya tashi da ciwon mara mai tsanani farat ɗaya, musamman da amai, a tambaye shi kai tsaye ko marainansa na ciwo, kuma a duba.

Akwai kuma tarko biyu. Na farko, wani yaro ciwon yakan zo masa da ƙarfi na 'yan mintoci ya tafi da kansa, bayan kwanaki ya dawo. Wannan yana nufin ɗan marainan yana murɗewa yana warwarewa, kuma wata rana ba zai warware ba. A kai shi likita ko da yana wasansa lafiya. Na biyu, idan an ɗauki awoyi da yawa ciwon yakan lafa, iyaye su ce an samu sauƙi. Sau da yawa lafawar alama ce ta cewa naman ya mutu.

Jariri kuwa ba ya magana, kuma sau da yawa ba ya nuna jin ciwo. Idan mai wankan jariri ta ga ɓangare ɗaya na jakar ya kumbura, ya yi tauri, ko launinsa ya yi duhu, a nuna wa likita a ranar. Idan kuma aka ga jakar babu ɗan maraina ɗaya a ciki, a faɗa wa ma'aikatan lafiya ranar awo ko rigakafi, domin ana son a yi aikin sauko da shi tun yaro bai wuce shekara ɗaya da rabi ba.

Ashe ba wasu cututtukan ke kawo irin wannan ciwo ba?

Akwai su. Akwai kumburin da ƙwayoyin cuta ke jawowa, wanda yakan zo a hankali tare da zazzaɓi da zafin fitsari. Akwai hangum, wanda kan sauka maraina ga wanda ya balaga, 'yan kwanaki bayan kumburin kumatu. Akwai murɗewar wani ɗan tsiro da ke jikin maraina, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 7 zuwa 12, kuma ba shi da haɗari sosai. Akwai ƙaba da ta sauko ta maƙale, ita ma tiyatar gaggawa take buƙata domin hanji yana iya mutuwa. Akwai kuma bugu.

Matsalar ita ce a gida ba mu da hanyar rarrabe waɗannan. Ƙwararrun likitoci ma wani lokaci sai sun buɗe suke tabbatarwa. Don haka ƙa'idar likitoci a ko'ina ita ce a ɗauki duk ciwon maraina na farat ɗaya ga yaro ko saurayi a matsayin murɗewa har sai an tabbatar ba ita ba ce. Idan an je aka tarar wani abu ne mai sauƙi, an yi asarar mai da barcin dare ɗaya. Idan an zauna kuma ya zamana murɗewa ce, asarar ba ta da mayarwa. Bugu ma kada ya ruɗe mu: zafin bugun ƙwallo yakan ragu cikin ɗan lokaci, idan ya kai awa ɗaya bai ragu ba ko yana ƙaruwa, a tafi asibiti.

Abin da za a yi nan take

Na ɗaya, a duba agogo, a riƙe lokacin da ciwon ya fara. Likita zai tambaya.

Na biyu, kada a ba yaron abinci ko abin sha, ko da koko ne, domin mai yiwuwa a sa shi barci don tiyata. A riƙe lokacin da ya ci abinci na ƙarshe.

Na uku, a tafi wurin da ake tiyata. Tsarin lafiya a Burkina Faso hawa-hawa ne. Ƙananan asibitocin unguwa da ake kira CSPS ba su da ɗakin tiyata. Sama da su akwai CMA, irin na Pissy da ke kusa da mu, waɗanda ke da sashen fiɗa. Sama da su kuma manyan asibitocin koyarwa: asibitin yara na Charles de Gaulle, wanda aka buɗe a 2001 kuma yake da sashen tiyatar yara, da Yalgado Ouédraogo mai sashen likitocin mafitsara da al'aurar maza, da Tengandogo a kudancin gari, da Bogodogo. Ƙaramin yaro da wanda bai kai shekara 15 ba, asibitin yara ne wurinsu. Saurayin da ya wuce haka a nufi sashen gaggawa na manya. Idan wuri mafi kusa aka fara zuwa, a tambaya tun a bakin ƙofa, cikin ladabi, ko za a iya yi masa aiki yanzu. In ba za a iya ba, a karɓi takardar turawa a wuce gaba, kada a zauna jiran safiya.

Na huɗu, abin hawa. Da dare hanyoyin Wagadugu a buɗe suke. Idan moto ne, a sa yaron a tsakiya, babba ya riƙe shi ta baya. Idan maƙwabci na da mota, a buga masa ƙofa, wannan lalura ce da ta kai a tashi mutum daga barci. Idan babu ko ɗaya, lambar 'yan kwana-kwana ita ce 18.

Na biyar, a faɗi ciwon da sunansa a wurin karɓar marasa lafiya. Wanda ya ce "ciwon ciki" zai bi layin masu ciwon ciki. Da Faransanci sunan ciwon "torsion testiculaire". A ce yaron yana da ciwon maraina mai tsanani da ya fara ƙarfe kaza, ana tsoron murɗewa ce. Wanda ba ya jin Faransanci ko Mosanci ya tafi da mai ji, ko ya nuna wannan suna a wayarsa.

Abin da ba za a yi ba

Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a murza, kada a shafa man zafi ko wani haɗi. Kada a ce za a juya shi da hannu a gida, domin wanda bai san ta ina ya murɗe ba yana iya ƙara murɗe shi. Kada a sayi ƙwayoyin kashe cuta a shago ko wurin masu tallar magani a ce a gwada kwana uku. Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho. Igiya ce ta murɗe, babu jiƙo ko ƙwaya ko allurar da ke warware ta. Maganin rage zafi yana iya kwantar da yaro, amma jinin bai dawo ba. Idan an riga an ba shi wani abu, a faɗa wa likita.

Kada kuma a ce bari a yi sallar asuba tukuna, ko bari Alhaji ya dawo. Salla ana iya yin ta a harabar asibiti, addu'a ana yin ta a kan hanya.

Abin da za a tarar a asibiti

Likita zai tambayi lokaci, ya duba wurin, ya taɓa. Zai shafi cikin cinyar yaron ya ga ko ɗan marainan zai ɗaga sama kamar yadda ya saba, domin idan ya murɗe galibi ba ya ɗagawa. A 2013 wasu likitoci a asibitin yara na Boston da ke Amurka sun fitar da wani ma'auni mai alamomi 5 da ake haɗa makinsu: kumburi, tauri, amai, ɗagewa sama, da rashin wannan motsi. Amfaninsa shi ne ana iya yanke shawara da ido da hannu ba tare da na'ura ba.

Akwai hoton ekografi da ke nuna gudun jini, yana taimakawa idan ana shakka kuma yana kusa. Amma idan alamomi sun bayyana, likita yakan wuce kai tsaye zuwa tiyata. Idan ya ce haka, kada mu tsaya jayayya cewa sai an yi hoto. Lokacin da za a ɓata wajen neman hoton daga cikin awa 6 ɗin nan za a cire shi.

Aikin kansa ba dogo ba ne. Ana sa yaro barci, a yi ƙaramar tsaga a jakar, a warware igiyar, a jira a ga ko launi zai dawo. Idan ya dawo, a ɗinke ɗan marainan da jikin jakar don kada ya sake juyawa. Sannan a ɗinke na ɗaya ɓangaren ma, tunda halittar galibi a duka biyun take. Iyaye su san wannan tun kafin a shiga, don kada su ce an taɓa wurin da ke lafiya. Idan kuma ya mutu, a cire shi. Yawanci ba a daɗe a kwance, amma zai bar ƙwallo da keke na 'yan makonni gwargwadon yadda likita ya ce.

Tambayar da ke ran kowane uba ita ce haihuwa. Ɗan maraina ɗaya mai lafiya ya isa namiji ya balaga, ya yi aure, kuma galibi ya haihu da izinin Allah. Saboda haka yaron da aka cire wa ɗaya kada a sa masa damuwa, kuma kada a yayata sirrinsa a unguwa. Sai dai ya san cewa guda ya rage masa, duk ranar da ya ji ciwo a nan ya tafi asibiti nan take.

Kuɗi da sa hannu

Tun 2016 gwamnati ta sa kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki kyauta a asibitocinta. Yaro ɗan shekara 13 ba ya cikin wannan tsari, kuma shi ne ciwon ya fi kamawa. Mun san gidaje da yawa abin da ke hana su fita da dare shi ne aljihu. Shawararmu ita ce a tafi da abin da ke hannu, wani ya tsaya a baya yana kiran dangi su turo ta Orange Money ko Moov Money. Neman kuɗi da tafiya asibiti a yi su tare, kada ɗaya ya jira ɗaya. Ƙungiyoyinmu na unguwa da masu adashi su ma su duba yiwuwar ware wani abu na ko-ta-kwana don irin wannan dare, wanda za a iya fitarwa ba sai an kira taro ba.

Sai batun sa hannu. Ba a yi wa yaro tiyata sai babba ya amince. Da yawa daga cikinmu matafiya ne, yau muna Lome, gobe Kumasi ko Yamai. Maigida ya faɗa wa iyalinsa tun yana gida cewa idan lalurar tiyata ta taso ba ya nan, kuma waya ba ta shiga, uwar yaro ko kawunsa ko baffansa su sa hannu. Malaman makarantun allo da ke riƙe da 'ya'yan mutane daga nesa su karɓi irin wannan izini daga iyaye, su kuma adana lambobinsu.

Maganar kunya

Kunya ado ce, mun gaje ta kuma muna koya wa 'ya'yanmu ita. Amma mun koya musu rufe al'aura, ba mu koya musu abin da za su yi idan al'aurar ta yi ciwo ba. Ga kuma alkunyar ɗan fari, wadda ke sa uwa ko uba su kasa sakin jiki da shi. Malamanmu sun yi bayani cewa lalura tana halatta wa likita ya duba al'aurar mara lafiya gwargwadon buƙata, ko da likitar da ke bakin aiki a daren mace ce idan babu namiji. Ba a ce a jira canjin ma'aikata ba alhali gaɓa tana mutuwa.

Abin da muke roƙo ƙarami ne. Kowane uba ya kira ɗansa da ya kai shekara 10, su biyu kawai, ya ce masa: "Ɗana, idan ka taɓa jin ciwo mai ƙarfi a marainanka, ko da tsakar dare ne, ka tashe ni ko ka tashi innarka. Ba zan yi maka faɗa ba, ba laifinka ba ne. Ciwo ne da ake gudu da shi asibiti." Wanda nauyi ya hana shi, ya wakilta kawun yaron ko wansa ko kakansa, tunda jika ba ya jin nauyin kaka. Uwar da ke riƙe da marayu ta nemi namijin da yaron ya saba da shi. Malamin allo ya faɗa wa manyan almajiransa, malamin boko da mai horar da 'yan ƙwallo su faɗa wa nasu. Maganar ba ta cin minti biyu.

A taƙaice ga abin da za a riƙe: ciwon maraina na farat ɗaya, ko ciwon mara mai tsanani da amai ga yaro namiji, a tambaya, a duba, a hana shi ci da sha, a kai shi wurin tiyata a sa'ar. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Wanda ya karanta wannan ya isar ga maƙwabcinsa da bai karanta ba.

Allah Ya kare mana zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa ma'aikatan da ke kwana a asibiti domin al'umma da alheri. Amin.